Akwati cike, ido na kasuwa

Tambaya: Anti, akwatina cike yake da atamfa, wasu ko tela bai gan su ba, amma duk Alhamis in na shiga Kasuwar Dole sai na fito da sabuwa. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, Zango, Damagaram.

Amsa: Ƙanwata, ni ma na yi wannan ciwon. Bara na zazzage akwatina a tabarma, na tarar da turmi huɗu da na manta, ɗaya har gara ta fara ci. Kunya ta kama ni. Ki zazzage naki yau. Ki kai biyu ɗinkin Sallah, tsofaffin zannuwa su zama na goyo. Ranar Alhamis kuwa, ki ɗauki kuɗin cefane cif, sauran jikkunan su zauna gida. Layin masu atamfa ki kewaye shi, sun riga sun san fuskarki.