Memori zan saya ko Google zan biya? Amsoshin tambayoyinku kan ajiyar kayan cikin waya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Unguwar Rogo. Wayata Tecno ce, kuma hotunan ɗinkin da na yi cikin shekara huɗu duk suna cikinta, da su nake nuna wa masu kawo aiki samfur. Kwanan baya aka fizge wayar abokina yana cikin Keke, ko lambar mutum ɗaya bai tsira da ita ba. Wani ya ce in sayi memori mai giga 128, wani ya ce in riƙa biyan Google duk wata. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya mayar wa abokinka da alheri. Ɗan'uwa, memorin da ke maƙale a cikin waya ba ajiya ba ce, ƙarin ɗaki ne a cikin gida ɗaya. Wanda ya fizge wayar da memorin zai tafi. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba. Lokacin da wuta ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, duk wanda littafin bashinsa ke rumfa ɗaya da kayansa, tare suka zama toka. Ajiyar ko-ta-kwana sai ta zauna a wani wuri dabam da wanda wayar take.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba abin da kake da shi kyauta. Kowane asusun Google yana zuwa da giga 15, wanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa tsakaninsu. A da hotunan da aka rage wa nauyi ba sa shiga lissafi, amma tun 1 ga Yunin 2021 aka rufe wannan garaɓasar. Duk da haka giga 15 ba ƙaramin wuri ba ne ga tela. In kowane hoto ya ci mega 3, hoto wajen 5,000 ke nan. Kuma akwai zaɓin da ke matse hotuna su rage nauyi, ba tare da idon mai zaɓen wuyan kaftani ya ga bambanci ba. Bidiyo ne ke cinye wurin, musamman tarkacen da ake turowa a guruf: wa'azin da mutum biyar suka turo maka, barkwanci, bikin mutanen da ba ka ma san su ba. Waɗannan kada ka bari su hau.

Ga tarkon da ya fi kama mutane a garin nan. Manhajar Google Photos tana zuwa ne a saite kan cewa ba za ta ɗora komai ba sai wayar ta hau wayfay. Mu kuwa yawancinmu da datar layi muke aiki. Sai mutum ya kunna ajiya, hankalinsa ya kwanta, alhali wata shida ke nan hotunan na tsaye a bakin ƙofa suna jiran wayfay ɗin da ba zai zo ba. Ko dai ka shiga setin ka ba ta izinin amfani da datar layi, ko ka sayi datar dare mai rahusa a wata wayar, ka buɗe hotspot, ka haɗa taka ka bar su su kwana suna aiki. Ɗorawar farko ce mai cin data. Bayan ita, ɗan abin da ka ɗauka a rana ne kawai.

Sai ka kula da gogewa. In ka goge hoto daga cikin Google Photos, ya gogu a wayar da kuma can rumbun. In wurin waya kake son ragewa, akwai maɓalli na musamman da ke share kwafin waya kaɗai ya bar na intanet. Shi za ka danna.

Biyan kuɗi kuwa haya ce. Google One yana da matakin giga 100 da na sama da haka, kuma ranar da ka daina biya alhali kayanka sun haura giga 15, sabon abu ba zai ƙara hawa ba, har saƙon Gmail zai daina shigowa. Ga mai ɗaukar bidiyon biki, kuɗin ya cancanta. Kai ban ga dalili ba tukuna.

Abin da zan ce ka saya shi ne filashi mai baki biyu, irin wanda ake soka wa waya kai tsaye, 'yan kasuwa na ce masa OTG. Ka duba bakin cajin wayarka kafin ka biya, domin tsofaffin wayoyi da sababbi ba baki ɗaya gare su ba. Duk ƙarshen wata ka kwafe hotunan aikinka a ciki, ka bar shi a gida, ba a aljihun da wayar take ba.

Kuma ko memori ko filashi, araha ba ta ado. Jabun suna da yawa, kuma ha'incinsu na da wayo: an sauya bayanin cikin katin ne, yana gaya wa waya cewa shi mai 128 ne alhali cikinsa bai fi 8 ko 16 ba. Da farko lafiya lau zai yi aiki. Sai ya cika, sannan abin da ka zuba ya fara lalacewa, sunan fayil yana nan amma in ka buɗe babu komai. Sunan SanDisk ko Samsung a jikin kwali ba hujja ba ce, don kwalin ma bugawa ake yi. Saya a shagon da yake da ƙofa da rasit, inda za ka iya komawa. Ranar da ka saya ka ɗura masa bidiyo har ya kusa cika, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In kana da wanda ke da kwamfuta, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke tona asirin irin waɗannan.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Farin Gada, ina tura dankalin Turawa da kabeji da karas Abuja. Duk cinikina a WhatsApp nake yi, yawanci da saƙon murya: wane ya karɓi buhu kaza, saura kaza. 'Yata ta sayo min iPhone na hannu a kasuwar waya ta Banex da ke Abuja, ta ce in bar Infinix ɗina. Ina tsoron hirarrakin nan su ɓace.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma kada ki saki tsohuwar wayar nan ga kowa sai an gama ƙaura. WhatsApp ba ya riƙe hirarki a wurinsa. Da saƙo ya isa, ya fita daga hannunsu, yana cikin wayarki da ta wanda kika tura wa ne kawai. Abin da ke ceton mutum shi ne kwafin da wayar ke ɗorawa, na Android a Google Drive, na iPhone a iCloud. Matsalar ita ce rumbunan biyu ba sa ga maciji. Kwafin da Infinix ɗinki ya ajiye a Google, iPhone ba zai iya buɗe shi ba.

Hanyar da ke akwai ita ce manhajar Move to iOS da ake sa wa tsohuwar wayar. Sharuɗɗanta: wayoyin biyu su kasance kusa da juna da caji, lambar ta zama ita ce dai wadda kike WhatsApp da ita, sannan iPhone ɗin ya kasance a goge tas kamar sabo. In 'yarki ta riga ta saita shi, sai an sake goge shi. Ki bari sai ranar da take gida ku zauna ku yi, kada a yi shi a tsaye a bakin kasuwa. Tun da na hannu ne, ta tabbatar tsohon mai shi ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba wayar tana iya kullewa ta nemi kalmar sirrin mutumin da ba ku san shi ba.

Ki kuma sani Apple giga 5 kacal yake bayarwa kyauta, kashi ɗaya cikin uku na abin da Google ke bayarwa. Mai hulɗa irin taki za ta cika shi da wuri. Ko dai ki cire bidiyo daga cikin abin da ake ajiyewa, ko ki yarda da biyan matakin giga 50 duk wata. Masu Android ma su daina sakin jiki, domin daga 2024 ajiyar WhatsApp ta fara cin rabonta daga cikin giga 15 ɗin nan, ba kamar da ba.

Za ki ga wani zaɓi na kulle ajiyar da kalmar sirri ko da mabuɗi mai lamba da harafi 64. Yana da kyau ga mai sirrin kasuwa, amma in kika manta, WhatsApp da kansu ba za su iya buɗe miki ba. In za ki kunna, ki rubuta.

In kuwa za ki ji ta tawa, Hajiya, bashin buhu ɗari bai kamata ya rataya a saƙon murya ba. Addini ma rubuta bashi ya ce a yi. Ki sa yaron shago ya riƙa shigar da shi a littafi, duk Juma'a a ɗauki hoton shafin. Littafin yana shago, hoton yana intanet.

Tambaya: A layi ya fi kyau in ajiye lambobi ko a waya? Daga ɗalibi a Jami'ar Jos.

Amsa: Ba ko ɗaya. Layi bai cika ɗaukar fiye da lamba 250 ba, kuma in aka yi maka sabon layi bayan sata, lambarka ce za ta dawo, ba sunayen da ke cikin tsohon ba. Waya kuma in ta tafi ta tafi. Duk sanda za ka ajiye lamba, zaɓi adireshin Gmail ɗinka a matsayin wurin ajiya, tsofaffin kuma ka kwashe su zuwa can. Ba ya cin wuri, datar da yake ci kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Tambaya: Mahaifinmu ɗan fansho ne a Gangare. Da muka saya masa waya, yaron shagon ne ya buɗe masa Gmail a nan take, babu wanda ya rubuta komai. Yanzu wayar tana yawan ɗaukewa, mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, wato a wanke ta a sake zuba mata manhaja. A cikinta akwai hotunan takardun fanshonsa da muryoyin marigayiya mahaifiyarmu. Mu bari a yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Kada ku bari a taɓa wayar nan tukuna.

Wannan tambayar ta taɓa ni, domin na taɓa kai waya gyaran bakin caji kawai, na je sallar La'asar na dawo, mai gyaran ya ce ya ga tana nauyi ne ya taimaka min ya wanke ta. Muryar kakata da na ɗauka tana ba da tarihin zuwan gidanmu Jos a zamanin haƙar kuza tana ciki. Ban da kwafi. Shi taimako ya ga ya yi. Filashin gogewa ce baki ɗaya, kuma wayoyin zamani a kulle suke rubuta bayanansu, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku da alkawarin dawo da su bayan an goge.

Tun da wayar tana kamawa lokaci-lokaci, yau ɗin nan ku kwashe muryoyin da takardun zuwa kwamfuta ko filashi, ku kuma tura wa 'yan'uwa biyu. Ku tura takardun a matsayin fayil, don WhatsApp na rage ingancin hoto in aka tura shi yadda aka saba, sai ƙananan rubutu su dusashe. Ku saurari muryoyin a wata wayar ku tabbatar sun iso.

Sannan batun Gmail, wanda shi ne ainihin ciwon. Mutum zai iya samun ajiya cikakkiya a Google amma ta zama kamar rumbun da aka jefa mabuɗinsa a rijiya. Abin ma ya wuce nan: wayar Android da aka goge ba tare da an cire asusun ba takan tsaya a shafin farko ta ce sai an sa adireshi da kalmar sirrin da ke kanta a da. An yi hakan ne don a karya kasuwar ɓarayi, amma ya fi kama irin su Baba. Tun wayar na a raye, ku shiga setin ku rubuta adireshin harafi da harafi. Ku nemi sauya kalmar sirri ta hanyar cewa an manta ta, domin Google ya fi yarda da buƙatar in ta fito daga wayar da ya saba gani. Ku duba lambar da aka sa ta ceton asusu. Sau da yawa ta yaron shagon ce, wato shi ne mai mabuɗin. Ku cire ta ku sa ta Baba, ku ƙara da imel ɗin ɗayanku.

Layin ma ku bincika da sunan wa aka yi masa rajista. In aka sace waya, lambar tabbatarwa layin za a turo wa, kuma kamfanin layi ba zai yi wa mutum sabo ba sai bayanansa sun dace da NIN ɗin da ke kai. Dattawa da yawa suna riƙe da layin da wani ɗa ko jika ya yi rajistarsa shekarun baya. In kun kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi ƙarin shaida bayan kalmar sirri, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Ku kwafe su a takarda tare da adireshin da kalmar sirrin, a sa a jakar da Baba ke ajiye takardun gida. Ku riƙa leƙa asusun kuma, don Google ya ce yana iya goge wanda aka yi shekara biyu ba a shiga ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin ku miƙa wayar, ɗayanku ya gwada shiga asusun Baba daga tasa wayar. In lambobinsa da hotunansa sun bayyana, ku cire layi da memori ku kai gyara. In ba su bayyana ba, wayar ta ƙara kwana a gida.