Me ya sa ɗan mutum-mutumina yake karkarwa yana mutuwa?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi allon Arduino Nano (ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ya sarrafa na'urori), na jona shi da kwamfuta, fitilarsa ta kama, amma manhajar Arduino da ke kwamfutar ta ce ba ta gan shi ba.

Amsa: Canza kebul. Wasu igiyoyin caji wuta kawai suke kaiwa, babu wayoyin saƙo a cikinsu. In ka canza bai yi ba, juya allon ka duba ƙasansa. Idan ka ga an rubuta CH340 a jikin ɗan guntun baƙin nan, sauke direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ka saka, shi ke nan.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na haɗa ɗan kare na wasa da Arduino Uno, ƙananan injinan sarbo SG90 guda uku masu motsa gaɓoɓi (kai, wutsiya da ƙafa), da sensar awon nisa HC-SR04 a matsayin idanu. Nufina in an kawo hannu kusa ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Amma da ya fara motsi sai ya hau karkarwa, ya tsaya, ya sake farawa. Batir mai bolt 9 na sa, sarbo ukun kuma na jona su a ƙafar 5V ta allon. Na sake rubuta kod ɗin, wato shirin umarnin da allon yake bi, sau biyar. Ko allon jabu ne?

Amsa: Ƙanena, ka sake rubuta shi sau hamsin ma, karen nan ba zai daina karkarwa ba, domin yunwa yake ji. Allonka lafiyarsa ƙalau. Wannan tambaya tana zuwa mini fiye da kowace, kuma kullum sai an ɗora wa kod ko allo laifi, alhali mai laifin yana nan a manne a gindin abin wasan, wato batirin nan mai kusurwa huɗu.

Bolt 9 ɗin da ke jikinsa ne yake ruɗar mutane, su ga lamba babba su ɗauka ƙarfi ne. Ƙananan ƙwayoyi shida ne a cikinsa, kowace bolt 1.5, an yi shi ne don abin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, kamar na'urar gano hayaƙi. Ba a yi shi don jan inji ba. Sannan Uno da bolt 5 yake aiki, saboda haka ɗan abin rage wutar da ke kan allon sai ya ƙone ragowar bolt 4 ɗin ya mai da su zafi. Ɗora yatsanka a kansa bayan minti biyu za ka ji.

To ga sarbo kuma. SG90 yana nan ɗan mitsitsi, amma a daidai lokacin da ya tashi motsi, ko wani abu ya tokare hannunsa, yana iya zuƙar rabin amfiya ko fiye. Uku ka sa, kuma ka umarce su su motsa tare. Nan take wutar ta faɗi, ƙwaƙwalwar allon, ATmega328P, ta ga wuta ta yi ƙasa ta kashe kanta ta sake tashi. Da ta tashi sai ta sake ba sarbo umarni, su sake zuƙe wutar. Karkarwar da kake gani ke nan. In kana son shaida, sa allon ya rubuta kalma guda a farkon shirin, ka buɗe tagar saƙonni ta manhajar Arduino, za ka ga kalmar tana ta maimaita kanta. Kebul ɗin kwamfuta ma ba zai cece ka ba, miliamfiya 500 ne iyakarsa a Uno.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu jona inji kai tsaye a ƙafafun saƙo. Kowace ƙafa miliamfiya 20 aka ce a ɗora mata, 40 shi ne bakin rami. Waɗannan ƙafafun umarni suke bayarwa, ba dako suke yi ba, kuma in ɗaya ta ƙone ta tafi ke nan.

Ka raba wa sarbo da allon kwano, kowa da batirinsa. Samo akwatin batir AA guda huɗu, za su ba ka bolt 6, in masu caji ne 4.8, duka sarbo yana karɓa. Jajayen wayoyin sarbo su tafi bakin batir mai alamar ƙari, masu ruwan ƙasa su tafi ɗaya bakin, masu ruwan lemo kaɗai ne za su je allon. Sai ka ja waya ɗaya daga bakin batir mai alamar ragi zuwa GND, wato ƙafar ragi ta allon. Kada ka manta wannan wayar. In babu ita, sarbo ba shi da ma'aunin da zai gane saƙon da shi, zai yi ta zabura kamar an tsikare shi, ka sake rubuto mini mako mai zuwa. Ƙara kafasita (ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta in an buƙata) mai maikurofarad 470 zuwa 1000 kusa da sarbo ɗin, ƙafar da ke gefen zanen tsiri ita ce ta ragi, in ka juya ta tana iya fashewa.

Kuma don Allah ka sayi mitar awon wuta. Ni ba na rubuta layin kod ko ɗaya sai na auna wuta, kuma sarbo ɗai-ɗai nake gwadawa kafin in manna wa abin wasa fata.

Tambaya: Malam, nawa allon ESP32 ne. Zan iya jona HC-SR04 yadda ake yi a Uno?

Amsa: A'a. ESP32 bolt 3.3 yake ɗauka, ƙafar Echo ta sensar kuwa 5 take fitarwa. Sa resisto (ɗan abin da ke rage wuta) mai om 1000 tsakanin Echo da ƙafar allon, da mai om 2000 daga ƙafar allon zuwa GND.

Tambaya: Ranka ya daɗe, 'yar tsanata tana ɗaga hannu in an matso, amma muddin tana motsi ba ta ganin kowa, wani lokacin kuma ba ta ganin ƙanwata ko tana gabanta.

Amsa: 'Yar'uwa, kin cika shirin da delay(), umarnin da ke sa allo ya tsaya ya jira, na sani ba sai na gani ba. Duk lokacin da allon yake cikinsa barci yake, ba ya sauraron sensa. Koma millis(), mai duba lokaci ba tare da tsayar da allon ba, ki riƙa matsar da hannun digiri ɗaya ko biyu a kowane zagaye, ki auna nisa a tsakani. Batun ƙanwarki kuwa, HC-SR04 ba ido ba ne, kunne ne. Ƙara yake aikawa mai kilohaz 40 ya jira amsa-kuwwa, ki raba lokacin dawowarta, a maikurosakan, da 58 ki samu nisa a santimita. Tufafi masu laushi suna shanye ƙarar, abin da ya karkace kuma ya watsa ta gefe. Gwada da littafi a tsaye tukuna, ki bar milisakan 60 tsakanin awo da awo, kuma kada tsanar ta motsa sai awo uku a jere sun yarda da juna.