Ƙodar Hajiya ta tsaya bayan hoton CT: akwai ƙara?

Tambaya: Barista, mun kai mahaifiyata wani asibiti a nan Zariya numfashinta na sarƙewa. Likita ya yi zargin gudan jini ya toshe jijiyar huhu, aka ɗura mata ruwan hoto ta jijiya aka yi CT, wato hoton cikin jiki. Bayan kwana uku ƙodarta ta tsaya, har an yi mata wanki sau biyu. Tana da ciwon suga. Zan iya kai ƙara?
Mai karatu daga Tudun Wada

Amsa: Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Kotu ba ta biyan diyya don kawai an samu illa. Sai ka nuna an yi sakaci, wato an yi abin da ƙwararre mai hankali ba zai yi ba, kuma shi ya jawo illar.

Ruwan hoton nan aidin ne a ciki, kuma ƙoda ce ke tace shi. A hoton jijiyar huhu yawanci ana ɗura mililita 50 zuwa 100, da sauri, kamar 4 zuwa 5 a daƙiƙa, don hoton ya kama shi yana cikin jijiyar. Ana duba nauyin mara lafiya da ƙarfin ƙodarsa. Idan gwajin ƙarfin ƙoda na eGFR ya yi ƙasa da 30, haɗarin ya fi yawa. To, an auna ƙodar Hajiya kafin hoton? An tambayi ciwon suganta da magungunan da take sha, musamman maganin suga na metformin? Nawa aka ɗura? An maimaita ɗurin ne don hoton farko bai fito ba? Shari'arka tana cikin waɗannan amsoshi.

Kada in ɓoye maka, asibitin ma yana da hujja mai ƙarfi. Gudan jini a huhu kan kashe mutum cikin sa'o'i, kuma likita na iya cewa jiran sakamakon gwajin ƙoda ya fi ɗura ruwan hoton haɗari. Zai kuma iya cewa faɗuwar hawan jini ce ta taɓa ƙodar. Shi ya sa ba a cin irin wannan ƙara sai da likita ƙwararre a matsayin shaida.

Hanyoyi biyu ne gabanka. Kai koke ga hukumar likitoci ta MDCN, wadda ke hukunta likita amma ba ta ba da diyya. Ko ƙarar neman diyya a kotu, da sunan Hajiya, tunda ita aka cuta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa mara lafiya bayanin haɗarin abin da za a yi masa, sai ka tambaye ta ko an yi.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. In asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Mutanenmu sukan tsaya jinya da sulhun dattawa har wa'adin ya wuce.

A makon nan Hajiya ta sa hannu a takardar neman kwafin fayil ɗinta, da rahoton hoton, da duk gwajin ƙoda na kafin da na bayan. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka haɗa da rasidan wankin ƙoda ka kai wa lauya.