Yadda Safar Doguwar Tafiya Ta Koma Motar Zuwa Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ma'aikata ne da ke haɗa kuɗi don sayen motar da za ta riƙa kai mu aiki daga Suleja zuwa tsakiyar Abuja kullum. Wani ɗan'uwanmu da ke Amurka ya ce can da manyan safa irin na doguwar tafiya ake kai mutane aiki Niyok, har ya ba mu shawarar mu sayo tsohuwa daga wajensu. Yaya aka yi motar doguwar tafiya ta koma wannan aiki, me aka canza a jikinta, kuma za ta yi mana? Daga mai karatu a Suleja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗan'uwanku gaskiya ya faɗa, amma safa ba kowace hanyar zuwa aiki take yi wa daidai ba. Tana cin riba ne a hanya iri ɗaya: a yi lodi a tasha biyu ko uku, a hau babbar hanya a yi gudu na rabin awa ko fiye ba tsayawa, a sauke kowa a wuri ɗaya. Duk canjin da aka yi mata cikin shekara saba'in, ja-in-ja ne tsakanin abu biyu, yawan kujeru da saurin shiga da fita.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan Niyok sun yi ta komawa unguwannin bayan gari, da yawa a tsallaken kogin Hudson, cikin jihar New Jersey. A ƙarshen 1950 aka buɗe babbar tashar Port Authority a Manhattan, ita ce matattarar motocinsu har yau. Kamfanonin da ke jigilarsu suna da zaɓi biyu. Na farko bas ɗin cikin gari da aka yi wa kwaskwarima. Kamfanin GM ya fito da bas ɗinsa mai suna New Look a 1959, ya kuma yi masa samfurin bayan gari: ƙofa ɗaya a gaba, kujeru masu dogon baya duk suna kallon gaba, ma'ajiyar jaka a saman kai. Na biyu kuwa tsofaffin safa da suka gama yayinsu a doguwar hanya, irin PD-4104 da GM ya ƙera tun 1953, wadda ta yi suna saboda tana tafiya a kan balan-balan na iska maimakon sifirin na ƙarfe. Fasinja sun fi son ta biyun, kuma da dalili. Bas ɗin gari an tsara giyarsa don tashi da tsayawa, idan ya hau babbar hanya injin sai ihu, kujerar kuma ta zaman minti goma ce. Wanda zai zauna awa ɗaya safe da yamma, kwana biyar a mako, barci yake so ya ɗan yi ko ya karanta jarida.

Abin da ya ba wannan sana'a ƙarfi ba mota ba ce, titi ne. A Disambar 1970 aka ware wa motocin fasinja layi nasu na kusan kilomita huɗu a hanyar shiga ramin Lincoln, wanda ya bi ta ƙarƙashin kogin. Da safe, daga ƙarfe 6 zuwa 10, ana karɓe layi ɗaya daga hannun masu fita gari a ba safa masu shiga. Kafin annobar korona, mota fiye da 1,500 ke bin layin kowace safiya. Mai ƙaramar mota yana tsaye a cunkoso, safa na wuce shi. Ku riƙe wannan a rai, domin hanyar Zuba zuwa Kubwa ba ta da irin wannan layi, kuma safa a cunkoso ba ta fi kowa sauri ba.

GM ya daina ƙera safa a 1980, kasuwar ta koma hannun MCI, kamfanin da aka kafa a Winnipeg ta Kanada a 1933, wanda a lokacin mallakin Greyhound ne, babban kamfanin safar doguwar tafiya na Amurka. Hukumar sufuri ta jihar New Jersey, NJ Transit, da aka kafa a 1979, ta tarar da tsofaffin motoci a hannun kamfanoni masu durƙushewa, sai ta yi odar safar MCI samfurin MC-9 guda 700 a farkon shekarun 1980. A nan ne aka fara ƙera safa sabuwa fil da niyyar zuwa aiki, a cikin irin wannan yawa. Jikin motar da injinta na doguwar tafiya ne, abin da aka taɓa kaɗan ne amma kowanne da hujjarsa. An cire banɗaki aka sa kujeru a gurbinsa, suka kai 49. An sa allon sunan hanya a saman gilashin gaba, don mai jira ya gane motarsa tun daga nesa. An yi wurin karɓar kuɗi kusa da direba, tunda babu kwandasta. Giya ta zama otomatik ta kamfanin Allison, domin kuloci ba ya jure tashi da tsayawar bakin rami. But ɗin kaya na ƙasa ya zauna kusan fanko, ma'aikaci jakar hannu kawai yake riƙewa.

Daga nan sai girma. MC-9 tsawonta ƙafa 40 ne, faɗinta inci 96. Dokar tarayyar Amurka ta 1982 ta halatta faɗin inci 102, wato kusan mita 2.6, ta 1991 kuma ta halatta tsawon ƙafa 45, mita 13.7. A 1992 MCI ya fito da 102DL3, wadda daga baya aka sa wa suna D4500, kuma ita ce ta mamaye wannan aiki shekara da shekaru. Ba tare da banɗaki ba tana ɗaukar mutum 57 a zaune. Ga lissafin da ya sa hukumomi suka rungume ta: mutum 570 na buƙatar mota 12 masu kujera 49, amma mota 10 masu 57 sun ishe su. Direba biyu ke nan aka rage, da gurbi biyu a tasha, a sana'ar da albashin direba ne babban kuɗin da ake kashewa, kuma yawancin motocin sawu ɗaya ko biyu suke yi da safe su koma su jira yamma. Hukumar MTA ta birnin Niyok ma ta koma irin wannan mota a hanyoyinta na gaggawa, musamman na tsibirin Staten, daga baya ta haɗa da X3-45 ta kamfanin Prevost.

Inji ma ya canza a daidai wannan lokaci. Tsofaffin suna da injin Detroit Diesel mai bugu biyu, 8V71 ko 6V92, mai ƙara da hayaƙi da zubar mai. Dokokin hayaƙi suka kore shi, Series 60 mai bugu huɗu da kwamfuta ya gaje shi. Daga 2007 aka tilasta matatar toka a salansa, daga 2010 aka ƙara tankin ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaƙi. Bel na kafaɗa da ƙugu a kowace kujera ya zama dole a sababbin safa daga Nuwamba 2016.

Inda aka fi shan wahala shi ne ƙofa. Daben safa ya fi mita ɗaya daga ƙasa saboda but ɗin da ke ƙarƙashinsa, don haka matakala ce mai tsayi, ƙofa ɗaya, da siririn lungu tsakanin kujeru. Ɗauki misalin daƙiƙa huɗu ga kowane mutum: 57 za su ci kusan minti huɗu kafin su gama shiga. A tasha ɗaya wannan ba komai ba ne. Amma idan mutum uku za su sauka a nan, biyu su hau a can, na kujerar baya sai ya ratso motar gaba ɗaya, mai hawa kuma yana jiransa a ƙasa. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 ta ƙara fito da matsalar fili, domin dole mai keken guragu ya iya shiga. Maganin farko lif ne da ke fitowa daga gefen mota ya ɗaga keken zuwa wata ƙofa ta sama. Direba zai sauka, ya tura kujeru su haɗe, ya sauko da lif, ya ɗaga, ya ɗaure keken a wuri huɗu. Minti da yawa ke tafiya, fasinjan yana rataye a sama kowa na kallonsa, abin da ba mai son a yi masa. Lif ɗin kuma yakan maƙale ne saboda rashin amfani, shi ya sa gareji mai tsari yake sa a gwada shi kowace safiya kafin mota ta fita. A 2017, shekara biyu bayan kamfanin ƙera bas na New Flyer ya sayi MCI, aka nuna sabon samfuri mai suna D45 CRT LE. An sadaukar da wani ɓangare na but ɗin da dama ba a amfani da shi, aka yi ƙaramin ɗaki a ƙasa a tsakiyar mota, da ƙofa ta biyu da gangara. Mai keke ya shiga da kansa. A ganina wannan ne gyara mafi ma'ana da aka yi wa motar tun MC-9, ko da yake ya ci kujeru kaɗan. Wasu kuma sun bi wata hanya dabam: GO Transit ta yankin Toronto ta fara sayen bas mai bene, Enviro500, a 2008, ƙasa a sauƙaƙe shiga, sama a tara kujeru, jimillarsu sama da ƙasa kusan 80.

Yanzu ga abin da ke lalacewa idan aka sa safa aikin da ba nata ba.

Matatar toka tana ƙone abin da ta tara ne idan hayaƙi ya yi zafi sosai, wajen digiri 600, kuma hakan na samuwa cikin sauƙi a doguwar tafiya. Motar da ke rarrafe a cunkoso ko take tsaye da inji a kunne don na'urar sanyi, matatar na toshewa, fitila ta kama, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Waɗannan injina an yi su ne don dizal mai sulfa kaɗan ƙwarai, kashi 15 cikin miliyan. Dizal ɗin da ba a san asalinsa ba yana kashe matatar da injekta, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Iska ita ce ran motar: birki, ƙofa, balan-balan, duk daga kwamfuresa ɗaya suke sha. Ma'aunin ƙarfin iska (psi) ya kamata ya zauna tsakanin 100 da 125. Idan ya sauka ƙasa da 60 ƙararrawa za ta yi kuka, idan ya ci gaba da sauka birkin ajiya zai kama da kansa a tsakiyar titi. Yawan buɗe ƙofa da taka birki na sa kwamfuresa aiki ba hutu, ya fara tura mai da ruwa cikin bututu. A riƙa zubar da ruwan tanki kullum, a canza matatar busar da iska a kan lokaci.

Tsawon kuma yana da nasa. Tazarar tayar gaba da ta tsakiya kusan mita 8 ce, don haka cikin motar na dukan tudun rage gudu mai tsayi. Layin taya na uku, na can baya, yana gogar ƙasa a kwana mai tsanani, tayoyinsa su cinye da wuri. Gindin motar kuma yana fita waje idan an karya kwana, direban da ya saba da Coaster sai ya share mai babur bai sani ba. A horar da shi tukuna. Kada kuma a yarda da tsayuwa ko ƙarin benci a lungu: motar ta haura tan 20 idan ta cika, nauyinta a sama yake, kuma lungun nan shi ne hanyar tsira.

Tagogin a rufe suke, na gaggawa ne kawai ke buɗuwa. Ranar da na'urar sanyi ta mutu a watan Maris, motar ta tashi aiki. Ƙurar hunturu na toshe lagireto da kwandansa, sai an riƙa hure su da iska akai-akai.

Game da sayo tsohuwa daga Amurka, ƙa'idar gwamnatinsu ita ce motar da aka saya da tallafin tarayya ta yi shekara 12 ko mil 500,000, kusan kilomita 800,000, kafin a sauya ta. Ke nan wadda za ta zo hannunku ta riga ta sha aiki. Ta yankin Niyok kuma ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. MCI da Prevost ba su da shasi dabam, jikin ne ke ɗauke da kansa, don haka tsatsa a ƙasan but ko a mazaunin balan-balan ciwo ne a ƙashin mota. A sa mutum ya shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma kafin a biya ko sisi. Idan mai injin bugu biyu ce, baƙin mai na musamman take sha, lamba 40 zalla mai ƙarancin toka, ba 15W-40 da ke kowane shago ba. Gilashin gaba, balan-balan da kayan wuta duk sai an yi oda, motar na ajiye ana jira. Safa irin na Marcopolo da ke tashi daga Sabon Gari a Kano zuwa kudu sun fi sauƙi ta wannan fuska, domin jiki ne na Barazil a kan shasin Mercedes, Scania ko Volvo, kuma akwai kanikawan da suka san su.

Kafin ku yanke shawara, ku rubuta sunan kowane mamba, inda zai hau da inda zai sauka. Idan aƙalla mutum 50 za su taru a wuri biyu ko uku a Suleja, su sauka kusa da juna a Sakatariya, kuma kuna da filin ajiye mota mai mita 14 daga safe zuwa yamma, safa za ta yi muku. Idan kuwa za a tsaya Madalla, Zuba, Dei-Dei, Kubwa da Gwarinpa ana ɗauka ana saukewa, ku nemi bas mai ƙofa biyu da ƙasan dabe, ko Coaster biyu masu kujera 30 da za su tashi da tazarar rabin awa, ta yadda idan ɗaya ta shiga gareji rabin mutanenku za su isa ofis.