Cokulan kakana azurfa ne ko ruwan azurfa?

Tambaya: Salam Malam. Kakana ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Jos zamanin haƙar kuza, ya bar mana cokula shida da butar shayi. A bayan mariƙin cokulan akwai ƙananan tambari: zaki, wani abu kamar ƙugiya, harafi ɗaya, kan wata mace, sai harufa biyu. Butar kuma an rubuta EPNS da A1. Dan Allah azurfa ne? Wani maƙeri ya ce in kawo ya narka.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai kar ki ba kowa ya narka tukunna.

Toh, zakin nan shi ne maganar. In zaki ne yana tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, wannan hatimin Ingila ne tun 1544, ma'anarsa an gwada kayan an samu azurfa kashi 925 cikin 1000, sauran galibi jan ƙarfe ne da ake sawa don ta yi tauri, don zallar azurfa laushi gare ta, cokali ba zai jure ba. Kuma ba maƙerin ke bugawa da kansa ba, ofishin gwaji ake kaiwa su kankari kaɗan su auna sannan su buga.

Abin da kika kira ƙugiya anga ce, irin wadda ake tsayar da jirgin ruwa da ita, tambarin Birmingham kenan, ofishinsu an buɗe shi a 1773. Abin dariya garin ko teku ba shi da ita. Da Landan ne kan damisa za ki gani, Sheffield a wancan zamanin kambi, Edinburgh kuma ganuwa mai hasumiya uku.

Kan macen nan ne ya fi burge ni wallahi. Shaidar an biya haraji ce, an fara buga kan mai sarauta a 1784 aka daina a 1890, to in mace ce ai Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta hau mulki a 1837, in dai kan harajin ne kin ga cokulanki sun haura shekara 130, sai dai an buga kan Sarauniya Elizabeth ta biyu ma a matsayin tambarin biki, kamar a 1953 da 1977. Harafi ɗayan shi ke faɗin shekarar takamaimai, amma a nan mutane ke faɗawa rami, saboda in harufan suka ƙare sai a sake zagayowa da wani salon rubutu da wata siffar da'ira, kuma kafin 1975 kowane gari jadawalinsa daban, harafin Landan ba na Birmingham ba ne. Ki sami gilashin masu gyaran agogo ko ki ɗauka da waya ki zuƙo hoton, sai ki gwada da jadawalin Birmingham kaɗai. Harufa biyun farkon sunan maƙerin ne ko kamfanin.

Butar dai sai haƙuri. EPNS gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, fasahar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840, shi kuma A1 ɗin cika bakin masu kaya ne cewa ruwan mai kauri ne, ba ofishin da ya tabbatar. Duba gindinta da mariƙi inda hannu ke yawan gogawa, wataƙila ki ga launi ya ɗan yi rawaya-rawaya. Mayen ƙarfe ba zai raba miki gardama ba, azurfa ba ta kamawa, shi ma wannan gamin ba ya kamawa.

In kin ga sun yi baƙi, ba lalacewa ba ne. Amma fa kar ki sa toka ko yashi ko soson ƙarfe irin yadda muke wa tukunya, na ga cokalin da aka goge har zakin ya zama kamar ƙadangare, darajarsa ta faɗi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi ya isa. Ki aje su shida a tare, a saitinsu sun fi kuɗi, in aka narka kuwa nauyin azurfar kawai za a biya ki.