Gyambon ƙafar mai ciwon sukari: in an ce tiyata, yanke ƙafa ake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana da shekara 63, ya kai shekara 15 da ciwon sukari. Wata 4 ke nan da wani miki ya fito masa a tafin ƙafa, daidai gindin babban yatsa. Ana ta wankewa ana ɗaurewa, ya sha magunguna iri-iri, amma ya ƙi rufewa, yanzu ma har ya fara wari. Shi dai ya ce ba ya masa ciwo. Likitansa ya ce sai an yi aiki, amma 'yan'uwa sun hana, wai mai sukari in aka sa masa wuƙa sau ɗaya, haka za a yi ta yanka har ƙafar ta ƙare. Don Allah ina gaskiyar maganar? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Shawarata ita ce ku bari a yi aikin, kuma kada a kai wani mako ana ja-in-ja. Yawancin ayyukan da ake yi wa irin wannan gyambo ba yanke ƙafa ba ne, don a tsirar da ita ake yin su.

Rashin ciwon da Baba yake faɗa kada ya kwantar muku da hankali, shi ne ma tushen matsalar. Sukari in ya daɗe a jiki yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Mai lafiya in ya ji rauni a tafin ƙafa, ɗingishi zai yi har wurin ya warke. Shi kuwa Baba yana taka nasa da dukan nauyin jikinsa kullum bai sani ba, duk naman da ya fara tsirowa sai a murƙushe shi. Muna da ma'auni a wannan fanni: mikin da bai ragu da rabi ba cikin mako 4 duk da kulawa mai kyau, da wuya ya rufe a kan wannan kulawar, sai an sake lale. Na Baba ya wuce wannan wa'adi nesa ba kusa ba.

Aikin da aka fi yi shi ne kankare gyambon. Likita zai sa aska ya cire mataccen nama da kantar da ta yi kauri a gefen mikin, har sai ya iso lafiyayyen nama mai fitar da jini. Maganin da aka sha ko aka yi allurarsa jini ne ke kai shi inda ake bukata, mataccen nama kuwa jini ba ya shigarsa, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke samun mafaka a ciki komai ƙarfin maganin. Ku sani tun yanzu cewa bayan aikin mikin zai fi dā girma da zurfi. A nan ne iyali da yawa kan tayar da hankali su ce an ƙara ɓata ƙafar, alhali girmansa na gaskiya ne ya bayyana, dā ma kanta ce ta rufe shi. Ana iya maimaita kankarewar sau da dama kafin ya warke. A lokacin aikin ne kuma ake ɗibar nama daga can ciki a kai ɗakin gwaji, don a san ainihin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta. Wannan ya fi goga auduga a saman mikin inganci ƙwarai.

Warin da kika ambata shi ya fi damuna. Tafin ƙafa ɗaki-ɗaki yake a ciki, fatarsa kuma mai kauri ce, don haka mugunya in ta taru ba ta samun hanyar fita, sai ta bi jijiyoyin motsa yatsu ta yi sama. Matsinta kaɗai yakan toshe ƙananan hanyoyin jini, yatsa ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki. In aka tabbatar akwai tarin mugunya ko ruɓewa mai yaɗuwa, ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na kula da ƙafar masu sukari, waɗanda aka sabunta a 2023, sun nemi a yi aiki cikin awa 24 zuwa 48. Ana tsagawa a fitar da ita, a wanke, a bar wurin a buɗe ba ɗinki. Za kuma a duba ko cutar ta kai ƙashi. Likita kan zura ɗan siririn ƙarfe mai tsabta cikin mikin, in ya taɓo ƙashi, zargi ya yi ƙarfi. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan yi mako 2 zuwa 3 bai nuna komai ba alhali cutar na ciki, hoton MRI ya fi shi saurin ganowa. In ƙashin ya kamu, ko dai a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kimanin mako 6, ko a cire guntun da ya lalace, wanda ke rage tsawon shan maganin sosai.

Maganar 'yan'uwa kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Sun ga mutanen da aka cire musu yatsa, bayan wata guda aka cire rabin ƙafa, daga baya aka kai gwiwa. Hakan na faruwa, kuma galibi dalilinsa ɗaya ne cikin biyu: ko an kawo mara lafiyan a makare cutar ta riga ta yi nisa, ko an yi yankan a ƙafar da jini ba ya isarta. Wanda ya yi shuka a gonar da ruwa ba ya kaiwa, ba zai ga laifin fartanya ba. Toshewar hanyoyin jini na ƙafa ana samunta har a kusan rabin masu irin wannan gyambo, kuma a mai sukari ta fi kama hanyoyin da ke ƙasan gwiwa. Saboda haka tambayar da nake so ki yi wa likitan Baba kafin komai ita ce, an auna jinin da ke zuwa ƙafar nan? Ana farawa da taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, sannan a sa na'urar Doppler mai sauraron gudun jini, a kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Sakamakon da ya gaza 0.9 alama ce ta toshewa. Sai dai a masu sukari bangon hanyoyin jinin kan yi tauri, awon ya fito da kyau na ƙarya, shi ya sa ake ƙarawa da awon ƙarfin jinin babban yatsa. In wannan ya gaza 30 a ma'aunin hawan jini, bukatar buɗe hanyar jini ta zama ta gaggawa.

Hanya biyu ake buɗe ta. Ko a zura siririyar waya ta matsematsi a hura ɗan balan-balan a inda ya toshe, ko a ɗauko wata jijiyar jini daga ƙafar mutumin a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye toshewar. Zaɓin ya danganta da inda toshewar take, tsawonta, da ƙarfin zuciya da ƙodar mara lafiyan. In akwai mugunya, ita ake fara fitarwa, buɗe hanyar jini ta biyo baya ba da jinkiri ba. Wuri guda da muke janye aska shi ne busasshen baƙin ɓawo, musamman a dunduniya, wanda ba wari ba ruwa, a ƙafar da jininta ya yi ƙaranci. Wannan ba a taɓa shi sai an gyara jinin.

Ko an yi duk wannan, in Baba ya koma taka wurin, aikin ya tashi a banza. Abin da ya fi warkar da gyambon tafin ƙafa shi ne siminti irin na masu karaya, ko takalmin asibiti mai kaiwa gwiwa da ba a cirewa, matuƙar babu cuta mai tsanani ko ƙarancin jini sosai. Marasa lafiya ba sa ƙaunarsa, amma na fi yarda da shi a kan duk wani man shafawa mai tsada. In gyambon ya ƙi duk da haka, akwai ƙananan ayyukan rage matsi: tsawaita agara don gaban ƙafa ya daina dokar ƙasa da ƙarfi, cire kan ƙashin da ke tokarar fata daga ciki, ko tsinke jijiyar da ta tanƙware yatsa in mikin a kan yatsan yake. Babban rami kuma akan sa masa na'urar zuƙe ruwa har nama ya ciko, sannan a yi dashen fata.

Ba zan ɓoye miki ba, wani lokacin sai an cire wani abu. Yatsan da ya riga ya mutu ba ya dawowa, barinsa kuma ciyar da cutar ne. Wanda aka cire wa yatsa ko gaban ƙafa yana tafiya da ƙafarsa cikin takalmi na musamman. Yankewa a ƙasan gwiwa sai in ƙafar ta lalace ba gyara, ko cutar ta shiga jini tana neman rai, kuma ko a nan muna ƙoƙarin barin gwiwar domin tafiya da ƙafar roba ta fi sauƙi da ita. Daga bayaninki ban ga abin da ya nuna Baba ya kai nan ba, amma wanda ya ga ƙafar da idonsa shi ne mai hukunci.

Kafin aikin da bayansa za a iya mayar da shi kan allurar insulin na wani lokaci, domin cutar gyambon kanta tana hauhawar da sukari, sukarin kuma yana hana warkewa. In yana shan taba, dole ya bari. Bayan ya warke ma a ci gaba da duba ƙafafun biyu kullum, har tsakanin yatsu, domin kusan mutum 40 cikin 100 gyambon kan dawo musu cikin shekara guda.

Kafin ranar aikin, in kika ga ja ko kumburi na hawa sama, yatsa ya sauya launi, sukari ya ƙi sauka duk da magani, ko Baba ya fara rawar sanyi, amai ko ruɗewa, ku kai shi sashen gaggawa a ranar, ko da dare ne. Kada ki jira zazzaɓi, masu sukari da yawa cutar kan yi tsanani jikinsu bai yi zafi ba.