Wai ruwa ne ya yanka kwazazzaban duniyar Mars?

Malam, tambayar da ka yi cewa in babu ruwa a duniyar Mars to mi ya haƙa waɗannan kwazazzabai, ai ruwan ne, amma na da can, fiye da shekara biliyan 3 da sunka wuce. Lokacin iskarta na da kauri, ruwa na iya gudu a ƙasa, daga baya iskar ta yi ta zurarewa sararin samaniya, sanyi ya kama, ruwan da ya rage ya daskare.

Kumbon Mariner 9 ne ya fara ɗauko hoton kwazazzaban a 1972. Ni dai abin da ya fi gamsar da ni shi ne tsakuwar da motar Curiosity, wata motar bincike marar direba da anka tura Mars, ta gani a 2012, mulmulalliya sumul, irin wadda kake tsinta a gulbin Argungu in ruwa ya ja baya da rani, kuma ka san iska kaɗai ba ta mulmula tsakuwa haka.

Wasu kwazazzaban kuma ba ruwan sama ne ya haƙa su ba, ambaliya ce ta ɓalle daga ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, irin kwazazzabon da ake kira Kasei Valles, tsawonsa ya haura kilomita 1,500.